Ranar da Na Naɗi Kaina Maimakon Surukata

Ba zan taɓa mantawa ba da wata ranar Laraba cikin bazarar da ta wuce, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta. Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan labari. Sau uku ina farawa ina yagewa. Na farko na ga kamar tonon asirin gida ne. Na biyu na tuna karatuna bai wuce firamare ba, na ce masu ilimi za su tsaya gyara min rubutu su bar labarin. Na uku kuwa babu wani dalili, tsoro ne kawai. Sai da na nemi izinin matata, ita kuma ta nemo min izinin mahaifiyarta, sannan na zauna. (Izinin ya zo da sharaɗi: kada in rage komai don in wanke kaina. To, ban rage ba.)

Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Gezawa. Gero, dawa, gyaɗa, sai ɗan barkono a bayan gida. Bayan noma ina taɓa waƙa kaɗan-kaɗan: ta biki, ta walimar sauka, har na taɓa yin wata a kan tsutsar da ta cinye mana masara. Da can in zan naɗi waƙa sai na shiga mota na tafi cikin gari, wajen samarin nan masu situdiyo. Ba su taɓa wulaƙanta ni ba, Allah Ya sani, amma sauri suke yi, ni kuwa ba na iya sauri. Zan yi baiti, yaro ya ce, "Baba, ya yi." Ni kuma in ce, "Ka tabbata? Kamar na ji numfashina a tsakiya." Ya ce, "Baba, kowa yana numfashi." In dawo gida in kwana ina jin numfashin nan. Daga ƙarshe na ce gara in haɗa nawa a gida, inda zan maimaita abu sau nawa nake so ba tare da wani ya duba agogo ba.

Wanda ya ɗora ni a hanya maƙwabcina ne, Iliya. Gonarmu iyaka ɗaya, kuma shi yake kula da kayan sautin mawaƙan cocinsu. Shi ya fara hana ni kuskure tun kafin in sayi komai. Na so in yi aikin a sabon ɗakina na siminti mai rufin kwano, ya shiga ya tafa hannu sau ɗaya, ɗakin ya amsa masa. Ya ce, "Ka ji? Nan duk abin da ka faɗa sai ya dawo maka da ƙari. Ina tsohon ɗakin ƙasar da kake zuba gyaɗa?" Muka je can ya tafa, shiru. Ya ce, "Ga situdiyonka. Kakanninmu sun gina maka tun da daɗewa." Muka kwashe gyaɗar, na jingina tsohuwar katifa a bango, na rataya tabarmi biyu.

Sai zaɓen kaya. A nan ne halina ya fito fili. Iliya ya ce abu huɗu nake buƙata: kwamfuta ko da ta hannu ce, makirfo, hedifon, da wani ɗan akwati da ake kira sawun-kad, wanda shi yake karɓar murya daga makirfo ya miƙa wa kwamfuta. Abu huɗu kacal, amma sai da na yi wata uku. Na sayi littafi mai shafi arba'in na cika shi da tambayoyi. Sau huɗu ina zuwa wani shagon kayan sauti a cikin gari ina dawowa hannu rabbana. A zuwa na huɗu mai shagon yana hango ni ya ce wa maƙwabcinsa, "Ga mai binciken nan ya dawo."

Makirfon ne ya fi ba ni wahala. Ashe iri biyu ne. Akwai mai nauyin kunne, wanda sai ka kai baki kusa yake jin ka, irin na masu wa'azi. Akwai kuma mai kaifin ji, wanda ko ƙuda ya wuce sai ya sani. Mai shago ya ce, "Malam, a ƙauye kake. Akwai jaki, akwai zakara, akwai injin niƙa. Ɗauki na farkon ka huta." Iliya kuma ya ce ɗakin ƙasata zai iya da na biyun, kuma ya fi fitar da daɗin murya. Na kwana bakwai ina juyawa. Na ɗauki na biyun, ina fita daga shagon na fara nadama, ban daina ba har na sauka daga mota.

Amma abin da ya jawo min abin da ya jawo min shi ne manhaja, wato abin da ake sa wa kwamfuta don ta iya naɗar murya. Mai shago ya ce zai zuba min babbar da kowa yake aiki da ita, ya saita min komai, in je gida in fara aiki kawai. Na ce ta nawa ce? Ya yi dariya ya ce, "Kyauta. Fasasshiya ce." Na ce wane ne ya fasa ta? Ya ce, "Wasu can." Na ce ya dakata. Na dawo gida, bayan sallar Magariba na tare limaminmu na fara yi masa bayani. Na yi ta kewaye-kewaye, ya saurare ni har na gaji, sannan ya ce, "Ni ban san manhaja ba. Amma mai ita ya yarda?" Na ce a'a. Ya ce, "To, me kake tambayata?"

Shi ke nan, na ƙi fasasshiya. Iliya ya nemo min wata wadda masu ita da kansu suka bayar kyauta, ya sauke min a kwamfuta, ya nuna min jan maɓallin da ake dannawa a fara ɗauka da wanda ake dannawa a tsaya. Ya ce akwai sauran saiti kaɗan, zai nuna min in ya dawo daga Watari, domin lokacin ya tafi taya ƙaninsa kwashe tumatir. Har yau ban yi nadamar bin maganar liman ba. Nadamata ita ce da ban jira Iliya ba.

Kada wani ya ce ban gwada ba. Na gwada. Ina jin na yi gwaji ya kai arba'in. Zan zauna a gaban kwamfuta, makirfo a tsaye gefena, hedifon a kunne, in danna ja in ce, "Gwaji, gwaji, assalamu alaikum." In tsaya, in cire hedifon, in kunna, in ji muryata ta fito daga kwamfutar. Ta ɗan yi siriri, amma na ce lasifikar kwamfuta ce ƙarama. Hankalina ya kwanta, abin da ba ya yawan faruwa.

Cikin wannan hali surukata ta zo gidanmu. Inna muke ce mata. Ta yi ciwo mai tsanani lokacin sanyi, har an fara kiran dangi, sai Allah Ya tashe ta. Matata Rabi ta roƙa a kawo ta wajenmu ta huta kwana goma. Wanda ya tashi a irin garuruwanmu ya san yadda zaman yake. Shekara goma sha shida da aurena, ban taɓa haɗa ido da Inna ba. Ban taɓa cin abinci a inda take ba. Da safe in tsuguna daga bakin ƙofa, kai a ƙasa, in gaishe ta, ta amsa daga bayan labule. In akwai magana, Rabi ce take kaiwa take kawowa, ko da kuwa taku uku ne tsakaninmu. A kwana goman nan, in zan shiga gidana sai na yi gyaran murya tun daga zaure kamar baƙo.

Rabi ce ta kawo maganar. Ta ce, "Malam, kayan nan naka da ka hana mu barci a kansu, za su iya ɗaukar muryar tsofaffi?" Na ce me zai hana? Sai ta gaya min Inna tana da waƙoƙin niƙa da ta koya wajen tata uwar, irin waɗanda mata suke yi a kan dutse kafin inji ya zo. Ta ce tun suna yara rabon da su ji ta yi, kuma a cikinsu babu wadda ta riƙe ko baiti biyu. Sannan ta ce, "Ranar da aka kira mu muna tsammanin ta tafi, abin da ya fara zuwa min ke nan. Na ce shi ke nan, ita da waƙoƙin sun tafi tare."

Inna ta ƙi. Ta ce ta tsufa da waƙa, yanzu carbi ya kamace ta. Rabi ta yi ta lallashi kwana shida. A rana ta tara, ana gobe za ta koma, ta yarda, da sharaɗi uku. Sau ɗaya za ta yi, ba maimaici. Sai an kawo dutsen niƙa na gaske da hatsi, domin ita ba ta iya waƙar hannunta a zaune. Na uku kuma, ba za ta buɗe baki ba in mijin 'yarta yana ɗakin. (Wannan na ukun ko ba ta faɗa ba ni ma ba zan iya ba. Da na zauna a ciki, da ban san wanda zai fara suma ba.)

Muka tono tsohon dutsen niƙa daga bayan rumbu, inda kaji suka mai da shi wurin hutawa, aka wanke shi. Na kafa makirfo a ɗakin ƙasa daidai inda bakinta zai kasance, na zura doguwar waya ta taga, na zagaya bayan ɗakin. Can na kifa turmi na ɗora kwamfuta da sawun-kad a kai, na zauna a ƙasa cikin inuwar bango. Na sa hedifon. Da hantsi Rabi ta shigo da ita.

Jama'a, ban taɓa jin abu irin wannan ba. Ta cikin hedifon ina jin komai kamar a cikin kaina ake yi: zubar gero a kan dutse, ƙarar awarwaronta, yadda ta ja numfashi. Na danna ja. Layukan nan na allon kwamfuta suka fara hawa da sauka, na ce alhamdu lillahi. Dutse ya fara tafiya, gurr, gurr, sannan murya ta biyo. Muryar tsohuwa ce, tana ɗan rawa a ƙarshen baiti, amma tana zaune daram a kan tafiyar dutsen. Waƙar wata yarinya ce da aka kai aure nesa, tana niƙa da safe tana ba dutse labarin gidansu. Bayan kowane baiti akwai amshi, "Riƙe min, dutse, riƙe min." Sau biyu na farko ta yi amshin da kanta. Daga nan numfashi ya gaza mata, sai ta riƙa barin wurin fili, dutse kaɗai yana tafiya, sannan ta kama baiti na gaba.

Abin da na yi a bayan bangon nan cikin wannan lokaci, ni kaina ban sani ba sai daga baya. Mai hedifon a kunne ba ya jin bakinsa.

Ta gama. Na danna tsayawa, na adana sau uku da suna uku. Ina naɗe waya sai na ji gidan ya cika da hayaniya. Ashe ƙarar dutsen ta fita waje, matan maƙwabta da suka yi shekaru ba su ji ta ba suka yi ta shigowa suna tambayar wa ke niƙa. Ga kuma Talatu, ƙanwar Rabi, ta iso daga garin mijinta don ta raka Inna gida. Tsakanina da Talatu akwai wasa irin na miji da ƙanwar mata, kuma ita ba ta taɓa yi da sauƙi ba. Ta leƙo bayan ɗaki ta ce, "Injiniya, an ce ka kama muryar Inna a akwati. Fito da ita mu ji."

Na ce sai na fara saurara ni kaɗai, in gyara. Ta ce, "Ka gyara me? Muryar uwar tamu ce take buƙatar gyaranka?" Muna cikin haka Rabi ta zo ta ce Inna ma ta ce tana so ta ji, ba ta taɓa jin muryarta daga waje ba. To, wannan kuma ba a musu da shi. Na ɗauko lasifikar da Iliya ya ba ni aro, na jona da kwamfuta a tsakar gida gindin bishiyar darbejiya. Mata suka zazzauna a tabarmi, sun kai goma sha biyar. Ina ganin an ɗaga labule Inna za ta fito, na ƙara sauti har ƙarshe don kunnen tsofaffi, na danna kunnawa, na yi wuf na koma zaure. Na tsaya a bayan ƙofa ina murmushi, ina jiran in ji mata sun fara salati.

Abin da ya fara fitowa numfashi ne. Babban numfashi, irin na sa ya sha ruwa. Sai murya ta ce, da ƙarfi, "Bismillahi. Ya Allah kada batirin nan ya ba ni kunya. Ja ya kama? Ya kama. Ya kama kuwa? Ya kama."

Muryata ce.

Na ce a raina wataƙila farkon ne kawai. Sai na ji, "Kur! Tafi can! Kazar banza, yau kika ga damar zuwa?" Wata mata ta yi dariya ta toshe baki. Can ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin rijiya, ana jin wani abu mai kama da waƙa. Wannan ce Inna. Ni kuwa ina sama, ɓaro-ɓaro, har ana jin yadda nake haɗiyar yawu.

A nan ya kamata in ruga in kashe. Amma ku duba inda nake. Kwamfuta tana tsakiyar mata, taku biyu daga ƙafar Inna. Kafin in kai gare ta sai na ratsa tabarmi, na tsaya a gaban surukata ido da ido. Shekara goma sha shida ban yi haka ba, ƙafata ta ƙi. Na leƙa ina yi wa Rabi alama da hannu ta kashe, ita kuma ba ta san inda ake kashewa ba. Talatu ta sani. Ina ganinta ta matsa ta zauna daf da kwamfutar ta rungume hannu, kamar mai gadi.

Sai muryar ta ce, "Kai! Kai, kai, kai. Ashe haka tsohuwar nan take da murya?"

Tsohuwar nan. Na jingina da bango. Na fara addu'ar Allah Ya sa iyakarta ke nan.

"Wallahi Rabi ba ta gado ba. Ko kaɗan. Rabi in tana waƙa kamar ana jan ƙyauren langa-langa."

Dariyar da ta tashi, ina jin har gonar Iliya an ji ta. Wata tsohuwa tana cewa, "Wayyo cikina." Talatu tana buga cinya tana cewa, "Yaya, kin ji? Langa-langa!" Rabi kuwa ta juyo ta harari ƙofar zaure.

Ban gama shan wannan ba aka zo inda Inna take barin fili. Ashe ni ban bar shi fili ba. Wata siririyar murya, ta ƙaton namiji mai 'ya'ya biyar da ya matse maƙogwaro yana kwaikwayon 'yan mata, ta cika gidan: "Riƙe min, dutse, riƙe miiin." Baiti ya wuce can ƙasa, ta sake: "Riƙe min, dutse, riƙe miiin." Har da ɗan karkarwa a ƙarshe don ado. A na biyar muryar ta karye, aka ji shessheƙa, aka ji mutum yana cewa, "Allah sarki yarinya, an kai ta nesa," sannan aka ji an fyace hanci da ƙarfi.

Fyace hancin nan ne ya sake min ƙafa. Na tuɓe takalmi, na sunkuyar da kai har haɓata tana taɓa ƙirji, na ratsa matan nan a duƙe ina cewa, "Gafara dai, gafara dai," na fizge wayar lasifika. Sai na rasa yadda zan tashi. Na zauna a tsugune a gaban Inna ina kallon ƙasa. Kunya tana cina, amma akwai abin da ya fi kunyar nauyi. Ta ce sau ɗaya za ta yi. Ta yi, da ɗan ƙarfin da ciwo ya bar mata, ni kuma na zubar da shi na naɗo kaina ina faɗa da kaza. Gobe za ta tafi. Na tuna maganar Rabi, cewa sun kusa tafiya tare, na ji da ƙasa za ta tsage da na gode mata.

Dariya ta lafa. Sai na ji muryar Inna a saman kaina, a hankali.

"Rabi."

"Na'am, Inna."

"Gaya wa maigidanki, a baiti na huɗu ya yi saurin shiga. Ana jiran dutse ya dawo tukuna."

Rabi ta juyo, murya a daƙile, ta ce, "Malam, wai ka yi saurin shiga a baiti na huɗu." Na ce wa ƙasa, "Ki ce mata na gode. Ki ce mata ta yafe min." Rabi ta ce, "Inna, wai ki yafe masa. Ni dai ban yafe ba."

Inna ta ce, "Ke kuma ai bai yi ƙarya ba. Muryar ubanki kika ɗauko." Aka sake fashewa. Da aka yi shiru ta ci gaba, kuma wannan karon ba wasa a muryarta. Ta ce waƙar niƙa ba ta mutum ɗaya ba ce. Su uku suke yi a gidan da aka kai ta, ita da wasu mata biyu, ɗaya tana bayarwa biyu suna amsawa. Duk sun rasu. Ta ce abin da ya sa ta daina ke nan, ba tsufa ba. Ta ce, "Ɗazu ina yi ina barin wuri, ina jin wurin kamar ramin haƙori. Ashe akwai mai amsawa a bayan bango ban sani ba." Ta gyara mayafi. "Gaya masa ba gobe zan tafi ba, sai jibi. Ya gyara akwatin nasa. Kuma shi zai yi amshi."

Talatu ta ce, "Inna, da muryar 'yan matan zai yi ko da tasa?" Inna ta ce, "Da wadda Allah Ya ba shi. Ke da ba ki iya ko ɗaya ba, rufe mana baki."

Da la'asar na hau kekena na je inda waya take kamawa sosai na kira Iliya. Washegari da safe ya zo, ko gida bai shiga ba. Na ba shi labari, ya yi dariya har sai da ya zauna a kan turmi. Sannan ya nuna min wani ɗan gurbi a saman allo, wanda ban taɓa kulawa da shi ba. Ya danna, sunaye biyu suka fito. Ya ce, "Ka ga na farko? Ɗan makirfon da ke jikin kwamfutar ne, ga raminsa nan kamar ƙwayar gero. Na biyun shi ne sawun-kad ɗinka. Ba ka taɓa gaya wa manhaja ta saurari na biyun ba." Na ce to ai ina jin Inna tangaram a hedifon. Ya ce, "Hedifon a jikin sawun-kad yake, kai tsaye yake ba ka. Kai kana jin ɗaki, kwamfuta tana jin ka." Na ce gwajin da na yi ta yi fa? Ya ce, "A ina kake zama in kana gwaji?" Na ce a gaban kwamfuta. Wato makirfon da na yi wata uku ina zaɓe, ko sau ɗaya bai taɓa naɗar komai ba.

Saura yadda za a ɗauki murya biyu da makirfo ɗaya, mutanen kuma ba za su zauna ɗaki ɗaya ba. Iliya ya ce a ɗauki tata, daga baya in ɗora amshi a kai, manhajar tana iyawa. Aka kai wa Inna, ta ce ita ba za ta sake yi wa fili waƙa ba. Sai Iliya ya dubi tagar ya ce a matso da dutsen ƙarƙashinta, a kafa makirfon a bakin tagar, ita tana ciki ni ina waje. Ya sa Rabi ta yi magana daga ciki, muka kunna muka ji ta fito, sannan ya koma zaure ya bar mu.

Haka muka yi. Bango a tsakaninmu, ba wanda ya ga wani. Ta bayar, na jira dutse ya dawo, na amsa da muryata ta gaske. A tsakiya sai na ji wata murya ta shigo amshin daga ciki, tana ɗan kaucewa hanya. Rabi ce. Ban ce komai ba, kuma ba zan taɓa cewa ba. Da aka gama Inna ba ta tsaya ba, ta zarce da ta biyu, ta yi ta uku. Da muka kunna a tsakar gida, wannan karon bayan na saurara ni kaɗai har ƙarshe, ba wanda ya yi dariya. Talatu ma fuska ta rufe da mayafi.

Na gode wa Allah da Ya tashi Inna daga ciwon nan, Ya kuma ba ta haƙurin da ban cancanta ba. Na gode wa Iliya, wanda ya bar tumatir ya zo. Na gode wa Rabi, wadda ta yafe min bayan kwana tara, ko da yake har yanzu in ƙyaure ya yi ƙara sai ta ce, "Malam, ga ni nan ina waƙa." Abin da na koya kuwa, damuwa ba ita ce kula ba. Na damu da batir, da kaza, da jaki, da hukuncin manhaja, na bar ɗan gurbi ɗaya da ban san ma ana damuwa da shi ba. Yanzu kafin in danna ja sai na ƙwanƙwasa makirfon da yatsa in ga layi ya motsa. Bakina kuma in rufe shi, ko ni kaɗai ne a daji.

Ga abin da ya sa na daure na rubuto. Inna ta aiko cewa ta tuno wasu waƙoƙin, na daka da na shara, kuma ta gano wasu tsofaffi biyu a wajen Watari da suka san amshinsu. Za ta zo da su. Sawun-kad ɗina kuwa ramin makirfo ɗaya gare shi, tagar kuma ba za ta ɗauki mutum huɗu ba. Don Allah duk wanda ya san irin wanda yake karɓar makirfo uku ko huɗu, wanda ƙaramar sola irin tawa za ta iya riƙewa, ya rubuto ya gaya min, da Hausa mai sauƙi. Haka kuma ina neman wanda zai koya min inda ake ajiye irin wannan naɗi ya daɗe bai lalace ba, domin an ce min kwamfuta tana iya mutuwa rana ɗaya da duk abin da ke cikinta, tun daga ranar kuma ban yi barcin kirki ba. Ku taimaka da wuri. Ta ce da an gama girbin dawa za su taho, dawa kuwa ta fara fitar da kai.